Mai Jinka Ba Ya Buƙatar Mabuɗan Gida

Muna gaida mutanen Damana da kewayenta. Muna gaida na Filinge, da Shikal, da Bonkuku, da Baleyara. Muna gaida duk wanda muryarmu ta iske a ƙasar Kurfai da Tondikandiya, ko yana gida, ko yana bakin rijiya, ko yana cikin mota kan hanyar Yamai.

Shirinmu na yau a kan abin da ke cikin aljihunku yake, wato wayar salula. Tambayoyi uku za mu bi. Idan waya ta ƙi tashi, mai gyara ya ce sai an yi mata filashin, mene ne ake zuba mata? Wa ya haɗa wannan abin? Kuma da wane irin iko ya haɗa shi?

Akwai magana ɗaya da za ku ji muna maimaitawa har ƙarshen shirin. Kowane aiki a ba shi iko daidai buƙatarsa. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Shirin kashi biyar ne. Na farko, abin da ake zuba wa waya. Na biyu, ikon shugaban na'ura da haɗarinsa. Na uku, dabaru huɗu na yin aikin ba da wannan iko ba. Na huɗu, ribarmu a ciki. Na biyar, shawarwari. To, bismillah.

Ga kashi na farko. Me ake zuba wa waya?

Mu je kasuwar Filinge ran Lahadi. Ga mai gyaran waya a ƙarƙashin rumfa. Gabansa ɗan tebur, da kwamfutar cinya, da batir da farantin hasken rana ke caja, da igiyoyi rataye a ƙusa. Wata dattijuwa ta kwance bakin zanenta ta fito da waya.

Ta ce, "Ɗana, duba mini wannan. Tun jiya ta tsaya kan sunan kamfani, ta ƙi gaba ta ƙi baya."

Ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa. Ya ce, "Inna, sai filashin. Amma ki sani, abin da ke ciki zai iya tafiya. Akwai lambobin da ba ki rubuta ba?"

Sai ya buɗe kwamfuta, ya nemo wani babban fayil mai sunan samfurin wayar. Ya jona igiya. Wani layi mai launi ya fara tafiya a ƙasan allo. Bayan ƴan mintoci waya ta tashi kamar yau aka fito da ita daga kwali.

Jama'a, wannan babban fayil shi ne maganarmu. Kowace waya tana da uwar manhaja, wadda ke tayar da ita, ta kula da allo da batir da kira, ta kuma ba sauran manhajoji wurin zama. A yawancin wayoyinmu sunanta Android. Tecno, da Itel, da Infinix, duk na kamfanin Transsion ne da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, kuma manyan wayoyinsu masu shafawa da Android suke aiki. Ita kuwa Android an gina ta ne a kan Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991.

Uwar manhaja ba fayil ɗaya ba ce. Dubban fayiloli ne, kowanne da mazauninsa. Ba a zuba su ɗaya bayan ɗaya a cikin miliyoyin wayoyi. Ana jera su sau ɗaya tak, a cikin fayil guda, daidai yadda za su zauna a ma'ajiyar waya. Masu Ingilishi suna ce masa imej, masu Faransanci su ce imaj. Mu a shirin nan za mu kira shi dunƙule. Dunƙule shi ne cikakken kwafin ma'ajiyar na'ura, a shirye, a cikin fayil ɗaya.

Ku tuna yadda ake jinkar ɗaki. Mai jinka ba ya hawa bisa katanga ya fara ɗaura ciyawa. A ƙasa yake kafa tanka, a fili. A nan yake baibaya, ya ɗaure, ya gama tsaf. Sannan a kira majiya ƙarfi su ɗaga ta gaba ɗaya su ɗora kan ɗaki. Haɗa dunƙule shi ne aikin da ake yi a ƙasa. Filashin shi ne ɗagawa da ɗorawa. To ku faɗa mini, don mutum zai yi maka jinka a fili, sai ka miƙa masa mabuɗan gidanka duka, har da na ɗakin ajiya? Amma shekaru da yawa haka masu kwamfuta suka yi ta yi.

Wannan ya kawo mu kashi na biyu. Ikon shugaban na'ura.

Labarin ya faro ne a 1969, a ɗakin binciken Bell da ke Amurka. A can Ken Thompson da Dennis Ritchie suka ƙirƙiro uwar manhaja mai suna Unix, wadda Linux ta bi sawunta. A wancan zamani kwamfuta tsada gare ta. Guda ɗaya ce mutane da yawa ke rabawa. Dole a hana wani taɓa kayan wani.

Sai aka ba kowane mai amfani lamba. Kowane fayil kuma aka rubuta masa lambar mai shi, da izini iri uku: wa zai karanta, wa zai canza, wa zai tayar da shi ya yi aiki. Amma akwai lamba ɗaya da ba a tambayarta izini. Ita ce sifili. Mai lamba sifili shi ake kira rut, wasu su ce admin. Shi ne shugaban na'ura. Yana karanta komai, yana canza komai, yana goge komai.

Wannan tsari yana cikin wayarku yanzu haka. A Android kowace manhaja da ka saka ana ba ta lambarta, daga 10000 zuwa sama. Shi ya sa manhajar wasa ba ta iya leƙa ajiyar manhajar tura kuɗi. Lambarsu ba ɗaya ba ce.

To me ya sa mai haɗa dunƙule yake neman zama shugaba? Shinge uku ne suka tare shi.

Shinge na farko, jonawa. A tsohuwar hanya, sai ka buɗe fayil marar komai, ka roƙi ƙwayar Linux ta ɗauke shi kamar faifan ajiya na gaske, sannan ka zuba kaya a ciki. Ƙwaya ita ce ɓangaren da ke riƙe da ragamar na'ura. Ba ta yarda kowa ya jona mata faifai, domin lalataccen faifai yana iya rikita ta. Shugaba kaɗai ta yarda wa.

Shinge na biyu, mallaka. Muhimman fayilolin uwar manhaja dole su zama na lamba sifili. Ku ɗauki fayil ɗin da ke ajiye kalmomin sirri. Idan ya fito da lambar wani gama-gari, to duk mai wannan lamba a sabuwar na'ura ya samu ƙofa a buɗe. Kai kuwa da ke haɗa dunƙulen, a Debian ko Ubuntu lambarka 1000 ce idan kai ne mai amfani na farko. Duk fayil da ka ƙirƙira, 1000 zai ɗauka. Kuma doka ta ce shugaba ne kaɗai ke sauya wa fayil mai shi.

Shinge na uku, wasu fayiloli na musamman da ke zaman ƙofofi zuwa sassan na'ura, kamar faifai da allo. Su ma shugaba ne kaɗai ke ƙirƙirarsu.

Jonawa, mallaka, ƙofofi. Saboda waɗannan uku, sai mutane suka saba ba aikin gaba ɗayansa ikon shugaba. Mene ne laifin haka? Ku saurari abin da ya faru a 2011.

Akwai wata manhaja mai suna Bumblebee, da aka yi don kwamfutocin cinya masu aiki da Linux. A cikin umarnin girka ta akwai layi ɗaya da aka rubuta don ya goge wata ƴar jaka da ke can cikin babbar jaka. Wajen bugawa, sai tazara ɗaya ta shiga tsakiyar adireshin. Tazara ɗaya, irin wadda ke raba kalma da kalma. Kwamfuta ta karanta adireshin a matsayin guda biyu. Na farkon shi ne babbar jakar da yawancin manhajojin na'ura ke ciki. Umarnin da ikon shugaba yake gudana, don haka babu mai cewa tsaya. Ta goge. Waɗanda abin ya rutsa da su sai da suka sake girka uwar manhaja. Marubucin bai yi da mugun nufi ba, kuma ya gyara da aka sanar da shi. Amma da a ce umarnin ba shi da ikon shugaba, da na'ura ta ce masa ba ka da izini, magana ta ƙare.

Aikin haɗa dunƙule kuwa dubban umarni ne irin wannan, waɗanda ɗaruruwan mutane da ba ka sani ba suka rubuta. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Tun a 1975 wasu masana biyu, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka rubuta ƙa'idar: kowace manhaja da kowane mutum su yi aiki da mafi ƙarancin ikon da zai isa a gama aikin. Ita ce maganarmu ta ɗazu. Kowane aiki a ba shi iko daidai buƙatarsa.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan dunƙulen da ake zuba wa waya da kwamfuta, da yadda ake haɗa shi ba tare da ikon shugaban na'ura ba. Mun iso kashi na uku. Dabaru huɗu. Za ku ji sunaye na baƙi. Kada su dame ku. Iyaye ku riƙe dabarar. Ɗalibai ku ɗauko alƙalami ku rubuta sunayen.

Dabara ta farko, rubutawa kai tsaye. Wasu suka zauna suka yi tunani. Shin dunƙulen nan ba fayil ɗina ba ne? Nawa ne. Ina da izinin rubuta abin da na ga dama a cikinsa? Ina da shi. To me ya kai ni roƙon ƙwaya ta jona mini shi? Sai suka rubuta kayan aikin da suka san tsarin faifai ciki da waje. Kayan aikin yana ɗaukar fayilolinka, ya jera su cikin dunƙule da kansa. Idan ya zo gurbin lambar mai fayil, sai ya rubuta sifili. Rubuta sifili a cikin fayil ɗinka ba ya buƙatar izinin kowa. Wannan sifilin ba ya da wani ƙarfi a kwamfutarka. Sai ranar da aka zuba dunƙulen a sabuwar na'ura yake fara aiki.

Da wannan dabara shinge ukun duk sun faɗi. Masu uwar manhajar NetBSD sun fito da irin wannan kayan aiki, makefs, a 2002. A ɓangaren Linux akwai genext2fs. Akwai mksquashfs na Phillip Lougher, mai matse dunƙule ya ƙanƙance. Akwai mtools, mai zuba fayiloli a irin tsarin da ke kan ƙananan katunan memori. A 2016 kuma, mke2fs, wanda shi ne sanannen mai tsara faifan Linux, ya samu ikon cika dunƙule kai tsaye daga jaka. Dunƙulen Android ma ta wannan hanya ake haɗa shi. Akwai jeri da ke faɗin lambar kowane fayil da izininsa, kayan aiki ya bi jerin ya rubuta.

Dabara ta biyu, riƙe littafi. Wasu tsofaffin umarnai sun nace sai sun ji cewa su ne shugaba, in ba haka ba su ƙi aiki. Don su aka yi fakeroot, wanda Joost Witteveen ya rubuta wa Debian a 1997. Ga yadda yake yi. Yana tsayawa tsakanin umarni da ƙwaya. Umarni ya tambaya, "Wane ne ni?" Ya amsa masa, "Kai ne lamba sifili." Umarni ya ce, "A mayar da wannan fayil na shugaba." Ya ce, "An yi." Alhali bai taɓa fayil ɗin ba. A littafinsa kawai ya rubuta cewa fayil kaza na sifili ne. Idan an zo ɗaure dunƙule, mai ɗaurewa ya tambayi lambar kowane fayil, sai ya karanto masa daga littafi. Dunƙule ya fito daidai. Idan kuwa wani umarni ya kuskure ya nufi goge kayan na'ura, ƙwaya ta san gaskiya, za ta hana. Buildroot, wanda ake haɗa dunƙulen ƙananan na'urori da shi, fakeroot yake amfani da shi. Masu aikin Yocto kuma suna da nasu mai suna pseudo.

Dabara ta uku, keɓaɓɓen ɗaki. A 2013, a fitowa ta 3.8, ƙwayar Linux da kanta ta kammala wani sabon tsari. Tana iya keɓe wa gama-garin mutum wuri, ta ce a cikin nan kai ne lamba sifili, amma da ka leƙo waje lambarka ta asali ce. A ciki kana sauya mallakar fayiloli, kana girka manhajoji. A waje ba ka iya taɓa abin da ba naka ba. Da wannan ne mmdebstrap, wanda ya fito a 2018, yake haɗa cikakkiyar Debian ba da kalmar sirrin shugaba ba. Sai dai dabarar tana da nata cikas. Ta buɗe wa kowa wasu sassan ƙwaya da a da shugaba kaɗai ke isa gare su, kuma an sha gano ɓaraka ta nan. Shi ya sa Ubuntu ta ƙara mata takunkumi a fitowarta ta 2024.

Dabara ta huɗu, kwamfuta cikin kwamfuta. Wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya fito da QEMU a 2003. Manhaja ce da ke kwaikwayon na'ura sukutum. A cikin wannan na'urar kwaikwayo kai ne shugaba na gaske, amma duk abin da ta sani a duniya shi ne fayil ɗin da ka miƙa mata. Idan an yi ɓarna, a nan za ta tsaya. Kayan aikin libguestfs, da Richard Jones na kamfanin Red Hat ya fara a 2009, haka yake buɗe dunƙule ya gyara. Wannan hanya ta fi sauran nauyi, tana cin lokaci da batir. Amma katangarta ta fi kauri.

Mu maimaita. Rubutawa kai tsaye. Riƙe littafi. Keɓaɓɓen ɗaki. Kwamfuta cikin kwamfuta. Hanya huɗu, manufa ɗaya: a gama jinka a fili, mabuɗai suna aljihun maigida.

Abu ɗaya ya rage. Ranar zuba dunƙule a kan katin memori ko faifai na gaske, nan kam galibi sai da izinin shugaba. Amma dubi bambancin. A da, aikin sa'o'i ne ke gudana da cikakken iko. Yanzu mataki ɗaya ne, na ƴan mintoci, kana tsaye kana kallo.

Kashi na huɗu. Wani dattijo zai ce, "To malam, mu da ke Damana, ina ruwanmu da wannan?" Baba, ruwanmu uku ne.

Na farko, koyo. Yawancin ƴaƴanmu da ke taɓa kwamfuta, ba tasu ba ce. Ta makaranta ce, ko ta wurin aiki, ko ta wani yaya. Ɗalibin da ya tafi Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, idan ya shiga ɗakin kwamfuta, ba za a ba shi kalmar sirrin shugaba ba, kuma daidai ne a hana shi. A da, nan koyon wannan sana'a ke tsayawa. Yanzu, in dai na'urar tana da Linux da kayan aikin, yana iya haɗa uwar manhaja tun daga tushe a cikin jakarsa. Idan ya ɓata, ya goge jakar ya sake. Mai kwamfuta bai yi asarar komai ba. Kayan aikin da muka lissafa kuwa duk kyauta ne, kuma a buɗe suke ga mai son karanta yadda aka rubuta su.

Na biyu, na'urorin da suka dace da ƙauye. Kun san halin rezo a garuruwanmu. Yau akwai, gobe sai ka hau tudu. Akwai wata manhaja mai suna Kiwix, da Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka kafa a 2007. Tana ajiye Wikipedia gaba ɗaya a karanta ba intanet, har da ta Hausa. A 2012 shirin Afripédia ya kai irin wannan ajiya jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, a cikin ƴan ƙananan akwatuna masu watsa wifi. A shekarar ce kuma aka fara sayar da Raspberry Pi a Ingila, ƴar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda ƙaramin farantin hasken rana da batir ke iya riƙewa. Ita ba ta da uwar manhaja a jikinta. Daga katin memori take tashi, kuma abin da ke kan katin dunƙule ne. Wanda ya iya haɗa dunƙule, shi ke zaɓen abin da zai shiga: darussan makaranta, bayanin kiwon lafiya, hanyoyin adana wake da gero. Ya haɗa sau ɗaya, a kwafa a kati goma, a kai makarantu goma. Haka ma akwatunan raba wifi. Tun 2004 akwai OpenWrt, uwar manhajar da ake zuba musu, kuma masu ita da kansu suna gargaɗin kada a haɗa ta da ikon shugaba.

Na uku, amana. Dunƙule yana zaune ne a ƙarƙashin komai. Abin da aka dasa a cikinsa, ko ka mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, yana nan. A 2019 kamfanin Google ya bayyana cewa an cusa wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin dunƙulen wasu wayoyin Android tun kafin a sayar da su, ta hannun wani ɗan kwangila da masu ƙera wayoyin suka ba aiki. A 2020 masu bincike suka ba da rahoton samun ta a wayoyin Tecno W2 a wasu ƙasashen Afirka. Kamfanin ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito, kuma ya fitar da gyara.

A nan sai mu yi hattara da magana. Haɗa dunƙule ba da ikon shugaba ba, shi kaɗai ba ya hana mugu dasa mugunta. Abin da yake yi shi ne sauƙaƙa bincike. Idan aikin bai dogara da halin kwamfutar mai haɗawa ba, kowa na iya maimaita shi. Tun 2013 mutanen Debian suke wannan fafutuka: mutum biyu, a gari biyu, su ɗauki kayan haɗi iri ɗaya, su samu sakamako iri ɗaya, ba bambancin ko ɗigo. Idan na wani ya saɓa, an san akwai abin dubawa. Ana gwada wannan da wata lambar shaida mai suna SHA-256. Haruffa da lambobi 64 ne da ake lissafowa daga fayil. Ka canza ɗigo ɗaya a cikin fayil ɗin, lambar gaba ɗaya ta canza.

Koyo, na'urorin ƙauye, amana. Ribarmu ke nan.

Ga kashi na biyar, na ƙarshe. Shawarwari.

Ga masu waya, iyayenmu da ƴan'uwanmu. Kafin ku ba da waya a yi mata filashin, ku cire layi da katin memori. Ku rubuta muhimman lambobi a takarda. Kada ku faɗa wa kowa lambar sirrin kuɗinku, filashin ba ya buƙatarta. Idan wani yaro ya ce zai yi wa wayarku rutin don ta ƙara gudu ko ta samu intanet kyauta, ku ce a'a. Rutin shi ne buɗe ikon shugaba a cikin waya. Daga ranar, katangar da ke tsakanin manhaja da manhaja ta yi rauni, kuma manhajojin banki da yawa suna ƙin aiki a irin wannan waya. Haka nan idan manhajar tocila ta nemi izinin karanta saƙonninku ko ganin lambobinku, ku hana. Me ya haɗa haske da saƙo?

Ga masu gyara, ƙannena, na Damana da Filinge da Baleyara, har da waɗanda suka koyo aikin a Yamai ko a kasuwar Farm Centre ta Kano. Ku san inda kuka samo dunƙule. Wanda aka tura muku a WhatsApp, ba ku san hannu nawa ya bi ba. Ku duba samfurin waya harafi da harafi, domin waya biyu masu kama ɗaya suna iya bambanta a ciki. Idan an ba da lambar shaida, ku gwada ta kafin ku zuba. Masu aiki da SP Flash Tool a wayoyin MediaTek, ku kiyayi zaɓin nan mai goge komai kafin ya zuba. Yana iya tafiya da lambar IMEI, waya ta tashi amma ta kasa kama rezo. Ku kwafe abin da ke ciki tukuna. Kuma ku faɗa wa mai waya gaskiyar abin da zai rasa kafin ku jona igiya. Hotuna da saƙonnin da kuka gani a wayar mutane amana ce a wuyanku.

Ga malaman makaranta da ma'aikatan ofis masu kula da kwamfutar jama'a. Ku buɗe wa kowa asusunsa na gama-gari. Ku ma kanku da shi za ku riƙa aikin yau da kullum. Kalmar sirrin shugaba a ajiye ta sai ranar girka sabon abu. Wannan ba rowa ba ce, kuma ba rashin yarda da yara ba ne. Yanzu kun ji cewa yaro zai iya koyon aiki mai zurfi ba tare da ita ba.

Ga ɗalibai. Ku fara da ƙarami. Ku tara fayiloli biyar a jaka, ku mayar da su dunƙule da mksquashfs ko mke2fs. Ku buɗe shi ku ga lambar da kowane fayil ya ɗauka. Ku sake yi a ƙarƙashin fakeroot ku ga abin da ya canza. Daga nan ku matsa zuwa Buildroot. Duk lokacin da wani bayani ya ce ku yi abu da ikon shugaba, ku tsaya ku tambayi kanku: wane shinge ne a nan, jonawa, ko mallaka, ko ƙofa? Sau da yawa za ku tarar akwai hanyar da ba ta buƙatarsa.

Jama'a, mu tattara. Dunƙule shi ne cikakken kwafin ma'ajiyar na'ura a fayil ɗaya. A da sai da ikon shugaba ake haɗa shi, kuma tazara ɗaya ta isa ta jawo asara. Yau akwai hanyoyi huɗu na haɗa shi ba da wannan iko ba. Masu gina manhajar wayoyin duniya sun daina sakar wa kayan aikinsu ragama gaba ɗaya. Mu ma kada mu sakar wa kowace manhaja, ko kowane mai cewa zai gyara mana. Kowane aiki a ba shi iko daidai buƙatarsa.

Wanda ya ji shirin nan ya isar wa wanda bai ji ba, musamman mai gyaran wayar unguwarku. Masu tambaya su aiko, za mu amsa a shiri na gaba, inda za mu duba yadda ake kwafe lambobi da hotuna a ajiye tun waya tana da lafiya. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kare mana dukiya da mutunci. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.